Jif ɗin da Na Hana Amarya

Wannan babin Sadiya ce ta jawo shi. Ranar sunan 'yar Rabi ina zaune a ƙuryar ɗaki ina cin waina, kun ɗauka kunnena ya tsufa, sai na ji wata daga cikin matan gidan Baffanku Lawan ta ɗauko tsohon zancen nan na ranar da Umma ta hana amarya mota. Aka yi dariya, aka tafa. Wannan bai dame ni ba, na saba, kuma bakin kowa nasa ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne muryar Sadiya, 'yata ta cikina, da na ji tana cewa ai sai haƙuri, halin Umma ne. Wainar nan ban ƙarasa ta ba. To ku zauna ku ji, ku huɗun, Abba da Sadiya da Rabi da Auta, domin a lokacin ku yara ne, abin da kuka gani kaɗan ne, wanda aka gaya muku daga baya kuwa ya sha gishiri. Na hana motar, ban taɓa musun haka ba. Dalilin ne babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni.

Babanku ma'aikaci ne a ɗakin ajiyar kaya na jami'ar nan ta garinmu Wudil, kuma da adashen ma'aikata ya sayo jif ɗin, 'yar Kwatano, ruwan toka, mai kujeru layi uku. Ranar da ya shigo da ita Sabon Gari sai da yaran unguwa suka rako ta har ƙofar gida. Ya ce ya saye ta ne dominmu, don mu riƙa zuwa Dagumawa gaida mahaifiyarsa, Hajiya, ko da damina hanya ta lalace. Wata ɗaya ba a yi ba ta tashi daga tamu ta koma ta dangi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to a gidanmu a taya yake. Makullin a jikin ƙusa yake rataye a zaure, duk wanda ya iya riƙe sitiyari a dangi ya san ƙusar nan. Ta'aziyya a Gaya, jif. Tarbar alhazai, jif. Dubiya a asibitin birni, jif. A ɗauke ta cike da mai a dawo da ita allura tana kwance, wani lokaci da sabuwar ƙara a ƙafar baya, wani lokaci da fitila ɗaya. Sau da yawa na ga babanku ya hau bayan ɗan acaɓa zuwa wurin aiki alhali motarsa tana can wani gari tana cin bikin mutanen da bai taɓa gani ba. Ita kuwa babbar mota babban ciki gare ta. Abin da ƙaramar mota za ta sha a mako ita a kwana biyu take shanyewa, tayarta ɗaya ta isa a sayi biyu na wata, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo da ita ya ce ga wannan a yi juyen baƙin mai ba. Idan na yi magana sai ya yi murmushin nan nasa.

"Binta, abin hawa ai na jama'a ne. Allah da ya ba mu bai ce mu kaɗai ba."

"To Malam, jama'ar ba su san hanyar gidan mai ba ne?"

"Ke dai kin cika lissafi."

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan, wanda sai kun fahimce shi za ku gane sauran labarin. Amaryar farko da aka kai a jif ɗin ta zauna lafiya a gidan mijinta. Ta biyu ma haka. A wurin kai ta uku wata tsohuwa ta ce, cikin wasa, ai duk wadda aka kai a motar Malam ba ta yaji. Wasa ne, ni ina wurin aka yi shi. Amma kafin shekara ta zagayo wasan ya zama magana, maganar ta zama abin da ake rantsuwa da shi. Har waɗanda ba danginmu ba sukan aiko da goro a roƙi jif ɗin don albarkarta. Ƙarfe ne fa da aka ƙera a ƙasar da ba su san Wudil ba, amma aka ɗora masa zaman auren 'ya'yan mutane. Babanku ya san shirme ne, sai dai bai iya cewa a'a ba, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai koyi kalmar nan ba.

Ciwon nasa bai ja ba. Ana cikin kaka ya kwanta, kafin a gama ɗaurin dawa an kai shi makwancinsa. Ina cikin takaba a ɗaki nakan ji motsin makulli a zaure, in ji an tayar da motar an fita, in ji an dawo. Babu mai sallama da ni a kan haka, domin a wurinsu babu abin da ya canza, ƙusa tana nan, makulli yana nan. Ni kuwa ina kwance ina jin muryar injin tana sauyawa mako bayan mako. Da na fita takaba aka zauna rabon gado. Gida da gona suka faɗa a rabonku da na Hajiya, ni kuma aka ce tumunina ya kai ko dai wani yanki na gonar Dagumawa, ko motar. Kowa ya ce in ɗauki ƙasa. Ƙasa ba ta tsufa, ba ta shan mai, ba ta zuwa gareji. Gaskiya suka faɗa. Amma gonar tana Dagumawa, Baffanku ne zai noma ta, ni in zauna a Sabon Gari ina jiran abin da za a aiko mini sau ɗaya a shekara. Motar kuwa tana cikin gidana, kuma babanku ya taɓa koya mini tuƙi a filin makaranta, da yamma, yana dariya ina kashe masa inji. Na ce motar nake so. Aka riƙa kallona kamar na yi saɓo.

Bayan an watse Baffanku ya tsaya. Ina so ku sani, ba mugu ba ne. Yayan babanku ne, shi ne babba a gidansu, kuma abin da ya zo da shi shi ne abin da aka saba yi tun kakanni: idan uba ya rasu ya bar ƙanana, sai a raba su gidajen 'yan'uwa don kada nauyi ya kashe uwar.

"Binta, mun yi shawara. Abba zai zo wurina Dagumawa. Sadiya ta tafi wurin Gwaggonsu a birni, Rabi kuma wurin ƙanenmu. Ke ki riƙe ƙaramin, ya ishe ki."

"Yaya, na gode da kulawa. Amma yaran nan tare na haife su a gidan nan, tare nake so su tashi."

"Da me za ki ciyar da su? Kin bar ƙasa kin ɗauki abin da shi kansa sai an ciyar da shi."

"A ba ni dama, Yaya. Daga yanzu zuwa kaka mai zuwa."

Ya ɗago ya dube ni.

"Na ba ki. Amma ki ji sharaɗina a gaban Allah. Idan kafin kaka na ji yaran nan sun kwana da yunwa, ko an koro ɗaya daga makaranta, zan zo in kwashe su, kuma ba za mu sake zama a kan maganar ba."

Na ce na yarda. Yana fita na je zaure na zare makullin daga ƙusa, na zura shi a igiya na rataya a wuyana. Ƙusar ma na sa Abba ya cire ta.

Daga ranar motar ta daina zuwa biki ta fara zuwa aiki. Da rani nakan kwashi 'ya'yan malaman jami'a in kai su makaranta in ɗauko su, iyayensu suna biyana a ƙarshen wata. Da ruwa ya sauka sai na gano abin da jif ɗin ta fi kowace mota a garin nan. Can bayan Utai akwai rugage, da damina nono yakan yi musu yawa har ya rasa mai saye, domin hanya takan zama taɓo, ƙaramar mota ba ta shiga, babur ma sai an tura. Ni kuwa in na sa giyar nan da ke sa tayoyi huɗun su ja tare, sai ta ratsa taɓon tana gurnani ta fita. Na sa aka cire kujerun layin ƙarshe, na jera manyan robobi, na riƙa ɗauko kindirmo da man shanu ina kawo wa masu fura na bakin jami'a da na cikin gari. Mutanen unguwa suka sha kallo. Wai matar marigayi Malam ta mayar da motar amare ta dakon nono. Wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Ni dai na san tukunyata ba ta kwana a kife ba.

Kun sha cewa a lokacin Umma ta fi son mota da mu. Na ji, kuma na san inda kuka samo shi. Duk abin da ya shigo hannuna, motar nake fara cire wa nata: na mai, na juye, na faci, da ɗan abin da nake ɓoyewa don ranar da za ta yi tari. Abin da ya rage shi muke ci. Akwai sallar da Rabi ta yi da tsohuwar atamfa saboda na sayi taya, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Amma tayar nan ita ta kai ni ruga washegari. Idan motar ta kwana da yunwa ku ma za ku kwana da ita, kuma kun ji abin da zai biyo baya. Ita ma ta riƙe mini amana, ba ni da abin da zan ce. Tun da ta koma hannu ɗaya, ana duba mata ruwa da baƙin mai kowace safiya, ba ta taɓa zubar da ni a daji ba. Masu zuwa aro kuwa na sallame su ɗaya bayan ɗaya. Mai naƙuda da mara lafiya ban taɓa hana su ba, ni da kaina nake kai su. Amma ta'aziyya da biki na ce akwai tasha.

Ana tsakiyar damina, lokacin da nono ya fi yawa, na lura allurar zafi tana hawa idan na yi 'yar tafiya. Na kai ta wurin Ɗanlami, bakaniken da ke duba ta tun zamanin babanku. Ya buɗe, ya leƙa, ya ce lagireto ne ya tsage, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, kuma ya sha liƙi har babu sauran wurin liƙewa, sai an sake wani.

"Maman Abba, zuwa Utai da dawowa za ta yi, in kina tafe da jarkar ruwa kina tsayawa tana hucewa. Amma kada a yi doguwar tafiya da ita, kada a cika mata kaya. In injin nan ya buga, gyaransa ya fi ƙarfinki, kin ji na gaya miki."

Abin da na ɓoye bai kai na lagireto ba, sai na ƙara cinikin wasu makonni. Na ci gaba da lallaɓa ta, ina tafe ina tsayawa a gindin bishiya ina ba ta ruwa. A daidai wannan lokacin aka sa ranar bikin Hadiza, 'yar Baffanku ta fari, kuma Azare za a kai ta.

Baffanku bai aiko ba, da kansa ya zo. Muka gaisa a zaure, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa, na tambayi Hajiya da mutanen gida da gona. Sannan ya ce ranar Lahadi za a zo a ɗauki mota da safe don a yi mata kwalliya.

"Yaya, motar ba ta da lafiya. Ba za ta iya zuwa Azare ba."

"Jiya na gan ki a cikinta."

"Utai na je. Bakanike ya ce in ta yi nisa injin zai buga."

"In mai ne, zan cika miki tanki. Na san yanzu komai naki da kuɗi ne."

"Ba mai ba ne, Yaya."

"To Allah zai kiyaye. Motar da ta kai 'ya'yan bare, ita ce za a hana 'yata? Kin san abin da mutane za su ce in aka kai Hadiza a wata motar."

Na sani sarai. Na kuma san yadda ake kai amarya a danginmu: mata goma sha a cusa, ƙawaye a kan cinyar gwaggwanni, kayan gara a baya har rufi, direba yaro mai jin kansa yana tsere da sauran motoci. Babu mai kallon allura, babu mai tsayawa ba ta ruwa. Na ce masa:

"Yaya, ku kuka kafa mini sharaɗi. Motar nan ita ce abincin yaran nan da kuɗin makarantarsu. In ta mutu a hanyar Azare, wata mai zuwa za su kwana da yunwa, ku kuma ku zo ku kwashe su, kuma gaskiya tana wurinku. Ku janye sharaɗin, in ba ku makulli yanzu."

"Magana ta a gaban Allah na yi ta, ba na janyewa."

"To ni ma ba zan bayar ba."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita, ko sallama babu. Na zaci an gama. Kwana biyu bayan haka da hantsi sai ga Hajiya, an ɗauko ta a babur tun daga Dagumawa, tsohuwar da ko masallacin idi sai an riƙe ta. Wannan ita ce ranar da ta fi kowace wuya a shekarar nan, har da ranar da aka fita da babanku. Matar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ita ta yi mini wankan jegon Abba da hannunta. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa a gabanta.

"Binta, ban zo da faɗa ba. Roƙo na zo. Motar ɗana ce. Ina so jikata ta shiga motar ɗana, in ga kamar yana wurin."

"Hajiya, ku gafarce ni."

"Rana ɗaya ce, 'yar nan."

"Hajiya, rana ɗayar ce nake tsoro."

"Ni ce fa na zo da ƙafata."

Hawaye yana zuba a fuskata, kaina yana ƙasa, na ce mata ba zan iya ba. Ta dafa bango ta miƙe, ruwan da na kawo ko taɓa shi ba ta yi ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma hannuna yana kan makullin da ke wuyana, kuma ban sake shi ba.

Duk da haka ba su yarda na hana ba, don ba a taɓa yi ba. Ranar Lahadi da safe sai ga 'yan mata da samari a ƙofar gida da furannin roba da kyallaye masu sheƙi, sun zo yi wa mota kwalliya. An ce daga baya wai na gudu da asuba na ɓoye ta. Ƙarya ne, ban gudu ba, ban saba ba. Sai da suka taru na fito da robobina na jera a baya, na zuba ruwa a lagireto a gabansu, na ce su ba ni hanya. Sadiya, ke kina sanye da ankon bikin, kika riƙe murfin motar kina kuka kina cewa Umma don Allah, Umma za a yi mana dariya. Ni na ɓamɓare yatsunki daga murfin. Na san kin tuna wannan, kuma na san shi ne abin da ya fi zauna miki. Na tafi Utai na ɗauko nono, su kuma suka yi hayar bas suka kai amarya. An ce Hadiza ta yi kuka fiye da na al'ada.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Aka daina gaya mini suna da biki. In na shiga taro sai hira ta mutu. Bayan wasu shekaru auren Hadiza ya mutu ta dawo gida da 'ya'ya biyu, aka ce ai ga shi nan, Binta ce ta jawo. Ni kuwa na ce mijin da ba ya ajiye hatsi a gidansa, ko a jirgin sama aka kai masa mata za ta dawo. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Wanda ya hana ni shi ne na Hajiya. Lokacin da ciwon ajalinta ya kama ta, ina jin labari na tuƙa jif ɗin har ƙofar ɗakinta a Dagumawa, na shimfiɗa katifa a baya don a kai ta asibiti a kwance. Aka ɗauko ta, ta buɗe ido ta ga motar, ta ce a mayar da ita, ba za ta shiga motar da aka hana jikarta ba. A ƙaramar mota aka kai ta, a zaune, ana riƙe da ita, ni ina biye da su da katifa babu kowa a kai. Ina yi mata addu'a kullum, kuma ina fatan ta yafe mini a can, amma ko a ranar ban ce da na sani ba.

Kuma kada ku ce Umma ta yi duba. Ban sani ba ko da motar ta je Azare ta dawo lafiya. Mai yiwuwa ta je ta dawo babu abin da ya same ta, a ce ga shi nan, tsoron banza. Bayan bikin da 'yan makonni na sake lagireto, ta ci gaba da aiki shekara da shekaru, ta ga Abba ya gama karatu ya kama aiki, kafin ta gaji na sayar wa 'yan gwangwan. Abin da na sani shi ne mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su abin da za su rasa in ta mutu a hanya shi ne su sauka su tari wata motar. Ni ku zan rasa. Ba a caca da 'ya'ya don a faranta wa dangi na yini ɗaya.

Da kaka ta zo, an gama yankan gero, Baffanku ya zo cika maganarsa. Tun bikin bai taka gidan ba. Bai zo a babur ba, a-kori-kura ya ɗauko haya, ya sa aka tsayar da ita a ƙofar gida, bayanta babu komai, kowa a layin ya san abin da aka zo ɗauka. Ya zauna a zaure ya ce in turo masa yara ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in tsaya daga waje. Na tsaya a bayan ƙofa ina saurare. Na ji ya tambayi Abba ko an taɓa koro wani daga makaranta, Abba ya ce a'a. Ya tambayi Sadiya, ya tambayi Rabi, ko akwai daren da ba a ɗora tukunya ba. Na san Sadiya tana fushi da ni tun ranar bikin, ko kallona ba ta cika yi ba. Duk da haka na ji ta ce babu. Ya kira Auta, wanda a lokacin bai san a ɓoye magana ba.

"Kai, gaya mini gaskiya. Ka taɓa kwana da yunwa?"

"A'a, Baffa. Amma na gaji da nono. Kullum nono, kullum nono."

Na ji Baffanku ya yi wani tari, ban sani ba ko dariya ce ta kuɓuce masa. Ya kira ni, na shigo na durƙusa.

"Binta, kin cika. Yara suna hannunki, ba zan sake tayar da maganar ba. Amma ki sani, abin da kika yi wa Hajiya ba za a manta ba. Daga yau ki riƙe motarki, mu ma mu riƙe zumuncinmu."

"Na ji, Yaya. A gaida mutanen gida."

Ya fita, na ji a-kori-kurar ta tashi tana ƙara irin ta motar da ba ta ɗauki komai ba. Da na shiga ɗaki sai na tarar da abin da ban san kun yi ba. Ƙulli huɗu a kan gado, kowanne a ɗaure da ɗankwalina. Sadiya ce ta haɗa su tun da safe, ba ta gaya mini ba, har ta sa wa Auta kofinsa na roba a cikin nasa don ba ya shan ruwa a wani. Kuna tsaye a jikin bango ku huɗun kuna kallona. Rabi ce ta yi ƙarfin hali.

"Umma, wa zai fara tafiya?"

Na zauna a bakin gadon na jawo ƙullin farko, ɗaurin ya yi tauri sai da na sa haƙori.

"Ku kwance kayan nan ku mayar inda kuka ɗauko. Babu inda za ku."